Abin da Hula ta Ɓoye

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya dawo mini da hankalina bayan ya tafi yawon mako bakwai bai yi mini sallama ba. Jama'ar zaurenmu na 'yan Arewa, na Manassas da na Upper Marlboro da na College Park, waɗanda suka zo dubiya da waɗanda suka aiko da gaisuwa, ga labarin da kuke ta tambaya. Da hannuna na rubuta shi. In kun ga baƙi ya karkace ku yi haƙuri, ajin yaƙi da jahilci kaɗai na shiga, kuma har yau ba a faɗi wanda ya ci yaƙin ba.

Sunana Sale, a Bukuru Sale Fulogi ake ce mini. Shekara arba'in da 'yan kai ina gyaran babur a bakin kasuwa. Da mai ɗakina ta rasu, 'yata ta ɗauko ni ta kawo nan Manassas, wai in huta. Nas ce, tana aiki a wani gidan tsofaffi, ɓangaren waɗanda mantuwa ta cinye. Ku riƙe wannan, zai yi amfani gaba. Ku kuma riƙe wani: 'yar fari ce. Tun ran da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba, ban kuma taɓa kallon tsabar idonta ina magana ba. Haka na taras ana yi a gidanmu. Ita dai ta zama 'yar Amurka, kai tsaye take yi mini magana, ni kuwa bango nake ba amsa. Mijinta Bashir, injiniya, shi kuma nauyina yake ji, in na shigo falo sai ya tuna yana da aiki a sama. Gida mai mutum uku, kowa na gudun wani.

Asalin ciwon nan kuwa daga mahaifina ya taso, Allah ya jiƙansa. Kofur ake ce masa. A yaƙin Boma shi ne ɗan saƙo a kan babur, da ya dawo ya kama aikin masinja wurin Turawan kuza. A zamanin nan, in ji shi, ran Lahadi Turawan sukan yi tseren babur daga Bukuru zuwa Barikin Ladi su dawo, a kan hanyar da kowa ke bi, da awakinta, da matan da ke ɗauke da kwanon kuza. Babu fitila a babur ɗin, babu kik ɗin tayar da inji, duk an cire don ya yi shafal. Ana jeruwa inji a kashe, kowa tsaye gefen nasa, da hular fata da tabarau. Da an saki tuta sai ka tura da gudu, taku shida, a na shidan ka daka tsalle ka faɗa kan sirdi a kaikaice don nauyinka ya danne tayar baya, ka saki kuloci, inji ya kama, sannan ka wurga ƙafa ka gyara zama. Wata Lahadi wani Bature ya karye, aka ba Kofur babur ɗinsa. Ni ba a haife ni ba lokacin. Amma na ga tseren ya fi sau ɗari a tsakar gidanmu, da bencin da muke cin tuwo a kai. Kofur zai sa hular fatarsa, wadda ko a zafin bazara ba ya rabuwa da ita, ya tura benci, ya ƙirga, ya haye. Ina ƙarami na huɗu ya zo. Da na yi aure ya zama na biyu. Da Allah ya ƙara masa shekara biyar da ya ci tseren.

To, tsallaken titinmu akwai wani tsohon Bature, Walta, ya ba tamanin baya, shi kaɗai a gida. Wata safiya ya buɗe garejinsa ina zagayen motsa ƙafa, sai na hango hancin wani abu a ƙarƙashin tamfol. Na tsaya. Babu fitila. Babu kik. Faifan lamba a gaba, fentin ya koɗe. Bencin Kofur ne ya zama ƙarfe.

Turancina na bakin kasuwa ne, Hausar Walta kuwa babu ita, amma ya nuna mini hoton ubansa a jikin bango, da hular fata irin ta Kofur sak. Uban nasa ma bayan yaƙi ya yi tsere a titunan garuruwansu, ana jera damin ciyawa a kwana. Shekara ashirin injin bai yi tari ba. Na naɗe hannun riga. Mako uku muna kai, kullum bayan su 'yata sun fita aiki. Na wanke kafireta, na goge fulogi, na kwance tanki na ɗauraye. Rabon da in ji ni mutum ne irin haka tun a Bukuru.

Akwai dokar da aka kafa mini a gidan. Zuciyata tana tsallake bugu, kamar injin da fulogi ɗaya ya mutu, don haka ina shan maganin tsinka jini. 'Yata ta ce ko reza in yi hankali da ita, ko kujera kada in taka, in na bugu ko yaya in faɗa. Na ce wa bango to.

Ranar Talatar da muka gama, Walta ya ce mu jira ɗansa ya zo ƙarshen wata ya tura mana. Na yi dariya. Na buga ƙirji, na nuna masa yatsu shida. Ya girgiza kai. Na kama kan babur, na sa giya, na ja shi baya kaɗan yadda Kofur ke yi da benci. Ɗaya, biyu, uku. A na biyar hannuna ya saki kuloci tun ban ba shi izini ba, inji ya yi wata irin gurnani da ta tada tsuntsayen unguwa. A na shida na daka tsalle. Sai dai wurin da na nufa babu babur, ya riga ya yi gaba. Shi ya shige shingen furannin Walta, ni na sauka da gefen kaina na dama a kan daɓen bakin titi.

Abin da na fara ji da na buɗe ido shi ne injin yana ta ruri a cikin furanni. Na ce, “Ya tashi!” Walta kuwa ya yi fari fat, fiye da farin da Allah ya yi shi, waya a hannu zai kira motar asibiti. Na riƙe hannunsa. Na nuna gidanmu, na ja yatsa a wuyana. Na ɗora yatsa a baki.

“No tel,” na ce. “Walta, no tel.”

Daga baya na gane shi ma yana da tasa dokar: ɗansa ya daɗe yana neman dalilin da zai sayar da gidan ya kai shi inda ake tara tsofaffi. Ya mayar da wayar aljihu. Muka yi musafaha, tsofaffin ɓarayi biyu.

Kai ya kumbura kamar ƙwan zabo sama da kunne, fatar ta ɗan tsage. Na yi mata maganin da muke yi a gareji, na ɗiga mata man birki, na ciji leɓe. Sannan na jawo hulata na danna ta har kunne. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. Wa zai tambayi dattijo don me ya sa hula?

Makon farko ciwon kai ne kawai, na rinƙa satar farasitamol a kicin. Mako na biyu shiru, kumburi ya saɓe, har na ce na sha. Ashe tsugunne ba ta ƙare ba.

A mako na uku takalmina na hagu ya fara yi mini tawaye. Ina tafiya sai in waiga in gan shi a baya shi kaɗai. Cokali ya fara ɓatan hanya, in nufi baki ya tafi kumatu. Ran wata Alhamis na tayar da Azahar, na yi ta yi, na yi ta yi, Bashir da ke bina a baya ya ce subhanallah har muryarsa ta dushe. Ya ce raka'a tara na yi. Na ce lada ya yi masa yawa ne?

Daga nan rabin abin da zan faɗa ba ni na gani ba, ko da yake ina wurin. An ce na saka carbi a firij. An ce na sara wa mai kawo wasiƙa irin ta soja. Abin da ni na sani shi ne akwai inji a cikin kaina, yana aiki ba ya mutuwa, kuma wani lokaci mata masu kwanon kuza sukan ratsa falo su wuce ta bayan talabijin. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Abin da ya dame ni kawai, ba sa gaisuwa.

'Yata ta tsare ni a kicin.

“Baba, ka faɗi ne? A banɗaki, ko a matakala?”

Na dubi bango. “Ina zan faɗi, ina zaune kamar kaza a akurki?”

Ta duba gwiwoyina, ta duba gwiwar hannu, ta ɗaga rigata ta duba haƙarƙari. Na ga idonta ya kai kan hular, ya tsaya, ya sauka. Wace ɗiya ce za ta tuɓe wa ubanta hula?

Mutanen gida, kuna kukan layin asibiti. Nan ma akwai layi, sai dai ba a ganinsa, a cikin waya yake. Danna ɗaya, danna biyu, a sa maka kiɗa. Kwana goma sha biyu aka ba mu kafin ganin likita. Da muka je, mako na biyar ke nan, aka ba mu takardu kamar za mu sayi fili. Yarinyar da ke awon jini ta zo sa mini abin gwada zafi a kunne, ta kai hannu wajen hular, sai ta janye da sauri ta ce in yafe mata, ta san kayan addini ne. Na gyaɗa kai irin na manyan malamai. Hular da na saya a kasuwar Terminus wurin wani mai tsada da rantsuwa.

Likitan saurayi ne mai fara'a. Shi ya yi Turanci, 'yata ta juya mini. Ya ce wa ke mulkin ƙasa? Na ce wacce, ta nan ko ta gida, don duk biyun ban ga abin da suka tsinana mini ba. Ya ba ni takarda in zana agogo. Na zana da'ira kyakkyawa, na ja mata wayoyi daga tsakiya, na sa mata bawul. Sai da na gama na ga taya ce. Ya ce ko na faɗi kwanan nan, ko na bugu a kai?

Jama'a, a ranar ina tune da faɗuwar nan sarai. Ina jin tabon yana ƙaiƙayi a ƙarƙashin hula. Amma in na faɗa, ta bakin wa maganar za ta bi? Ta bakin 'yar farina. In zauna a gabanta in ce ni, da furfurata, na yi tsalle zan hau babur na sami ƙasa? Na ce a gaya masa lafiyata lau.

Sai ya nuna ta da biro. Ya ce, wannan matar, yaya sunanta?

Na dubi bango.

Ta yi masa bayani da Turanci, na tsinci kalmar al'ada a ciki. Ya ce ya gane, amma ya rubuta wani abu. Ita kuwa da muka fito ta tsaya a bakin mota ba ta buɗe ba. Ta ce a hankali, “Baba, kunyar ce, ko ka manta ne?” Me zan ce? Amsar ɗaya ce, kuma ita ce ba na iya faɗa.

Kalmar da likitan ya bar mu da ita dimenshiya ce, wato ciwon mantuwar da take jinyarsa kullum a wurin aiki. Ya ce a ɗauki hoton kai don a tabbatar, amma sai 'yan inshora sun sa hannu, mako uku. Ita ba ta jira hoto ba. Abin da ta shekara goma sha biyar tana gani a iyayen wasu, ga shi ya shigo gidanta, ta san kamanninsa.

Mako na shida na masu shawara ne, Allah ya saka wa kowa. Wani ya ce kewar gida ce, a mayar da ni Bukuru in shaƙi hayaƙin babur. Wata ta ce sanyin na'ura ne ya shige mini kai. Yayata Asabe ta bugo daga gida, ta ce ba wani manshiya, aljanun Turawa ne, ba su san Hausa ba balle a roƙe su, sai hayaƙi. Ta sa Bashir a gaba ta waya. Bawan Allah, injiniya guda, ya zuba garwashin gashin nama a tukunya, ya barbaɗa habbatussauda, ya lulluɓe ni da bargo a tsakiyar falo da rana tsaka. Ƙararrawar gobarar gidan kuwa haɗe take da ofishin 'yan kwana-kwana. Mota biyu suka zo. An ce da ƙattin suka shigo da hulunan kwano na miƙe na ce su ja layi, kowa ya kashe injinsa.

A cikin makon nan ne abin da ya fi ba ni tsoro ya faru, ko da yake sai yanzu nake jin tsoron. Sirrin da nake ɓoyewa ya ɓace mini ni ma. Na san akwai abin da ba a so a sani, na san yana da alaƙa da hula, amma mene ne? In na laluba sai in ji wayam, kamar aljihun da aka yanke. Ko da na so faɗa a lokacin, babu abin faɗa. Duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san abin da ya same ni, shi kuwa tun ranar ya rufe garejinsa, in ya hango 'yata sai ya shige gida.

Ƙafar hagu ta koma jan ƙasa. Aka kawo mini keken nan na tsofaffi mai ƙafa huɗu da ake turawa. Barci ya yi yawa, ina cikin cin abinci sai in tafi. 'Yata ta ɗauki hutu har hutun ya ƙare. Wata safiya na ji ta a kicin tana gaya wa Bashir gado ya samu a wurin aikinta, a ɓangaren da ake kulle ƙofa da lamba. Ta ce, “Aƙalla zan riƙa ganinsa kullum. Ko bai san ni ba.” Sai na ji famfo ya daɗe yana zuba. Na ce a raina, wannan baiwar Allah wa ya mutu mata?

Ranar Litinin ta mako na bakwai aka sa mini babbar riga, aka ce za mu je ganin wuri ne kawai. Akwatina yana but ɗin mota. Ga yadda ni na ga abin. Na fito na tarar da hanya shimfiɗe, jar ƙasa har Barikin Ladi. Babur yana hannuna, shafal, inji a kashe. Wani Bature baƙi yana tsaye da tuta. Mata sun ajiye kwanoni suna kallo. Tuta ta sauka.

Ga yadda su suka gani. Bashir ya zaro hankici zai share gumi, sai tsoho ya damƙi kekensa mai ƙafa huɗu ya sheƙa a guje yana jan ƙafa, yana ƙirgawa da ƙarfi. A na shida ya daka tsalle a kaikaice. Allah ya sa Bashir ya taɓa tsaron gida a ƙwallo, ya cafe ni a sama. Surukin da bai taɓa haɗa kafaɗa da ni ba, ga shi rungume da ni a kan ciyawa. Hula kuwa ta yi nata wuri, ta gangara har titi.

Wanda ya tsince ta Walta ne. Yana bakin akwatin wasiƙarsa, ya ga komai. Ya tsallako da hular a hannu. Bai dube ni ba. Ya ce wa 'yata, “Wannan tsallen ya taɓa yin sa. Da babur ɗina. Ya bugi daɓen can da kansa, ya ɗan suma. Ya roƙe ni kada in faɗa, ni kuma na ji tsoron ɗana.”

Bashir ya ce bai taɓa ganin fuska ta canja kamar yadda ta 'yata ta canja ba. Ta durƙusa, ta kama kaina da hannu biyu, kan da ba ta taɓa taɓawa ba, ta juya shi. Ga tabo nan sama da kunne, baƙi, ya warke a karkace.

“Yaushe?”

Walta ya faɗi ranar. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce, “Bashir, sauke akwatin nan. Kira motar asibiti, ka ce musu yana shan maganin tsinka jini.”

A imajensi, sashen gaggawa, babu danna ɗaya danna biyu. Hoton da aka ce mako uku, kafin La'asar an ɗauka. Ashe tun ranar faɗuwar wata 'yar jijiya ke ɗiga a hankali tsakanin ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, maganin ya hana ta tsayawa, jini ya taru ya danne ƙwaƙwalwar gefe guda. Likitar da ta yi aikin, wata doguwar mata mai gajeren gashi, ta ce da an ƙara 'yan kwanaki a haka, barcin nan da nake yi da shi zan wuce. Da an kai ni gidan can, da sai a ce mantuwa ce ta yi nisa, a gyara mini filo.

Washegari da safe suka huda kan wuri biyu suka zuƙe. Maganar likitar da ba zan manta ba, ta ce abin da ya fito baƙi ne mai kauri, kamar tsohon man inji. Da aka juya mini na ce to ai shi ke nan, juye aka yi mini. Shekara arba'in ina zagin masu babur da ba sa juyen baƙin mai a kan lokaci.

Na farka da hantsi. Abu na farko, injin ya mutu. Shiru, irin shirun da ke biyo bayan an kashe janareta. Na ɗaga ƙafar hagu, ta ɗagu. Na taɓa kai, an aske shi ƙwal, ga bandeji, ga robar da ke tsiyayar da sauran, babu hula. Komai ya dawo mini lokaci guda, har da furannin Walta. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Likitar ta shigo da 'yan rakiyarta. Ina ne nan? Asibiti. Matse hannuna. Na matse. Sai ta nuna wadda ke zaune a gefen gado, idanu sun kumbura, da kayan jiya a jikinta.

'Yata ba ta juya mini tambayar ba. Ta fara yi wa likitar bayanin nan na al'ada, muryarta a ƙasa, irin ta wanda ya riga ya haƙura. Na nemi bango. Labule ne kawai a wurin. Na tuna ta a bakin mota tana tambaya kunya ce ko mantuwa. Na tuna famfon kicin. Shekara arba'in da shida tana ɗaukar shiruna a matsayin girmamawa, mako bakwai kuma shirun nan ɗaya ya kusa kashe mu, ni da ita.

Na juyo na dube ta. Idon uwarta gare ta, ashe. Na faɗi sunan. Ya fito da tsatsa, kamar injin da ya shekara ashirin a ƙarƙashin tamfol, amma ya kama. Na ƙara da cewa, “Ranar Juma'a aka haife ki, ana ruwa, ina ƙarƙashin babur ɗin wani ɗan sanda aka zo aka gaya mini. Ban taɓa mantawa ba.”

Ta kifa kai a kan gadon. Likitar ta tambayi Bashir ko amsar daidai ce. Bashir ya ɗaga mata babban yatsa.

Kada ku jira in rubuta sunan a nan. Nata ne.

Kwana biyar na yi a asibiti, sannan mako shida ana koya mini tafiya kamar ɗan yaye. Abincinsu ba gishiri ba yaji, Allah ya isa tsakanina da wani koren abu da suke kira miya. Amma hannunsu yana da kyau, ba zan ci amanarsu ba. Takardun inshora har yau suna zuwa, Bashir ke buɗewa ya yi tsaki ya hau sama. Ina godiya gare shi, ya yi mini wanka ya yi mini tsarki, kunyar da ke tsakaninmu ta bi ruwa. Ina godiya ga Walta. Ɗansa ya zo ya yi faɗa kamar zai ci babu, amma 'yata ta tare shi ta ce uban nasa ne ya ceci nata, aka bar shi a gidansa.

Da na samu ƙarfi na kira Asabe na ba ta labari tiryan-tiryan, har taku shida. Ta yi dariya har ta ƙware.

“Gado ba ƙarya ba! Kai ba ka san abin da ya sa Kofur ba ya cire hular fatar nan ba?”

Na ce don tunawa da tsere mana, ai na biyu ya zo.

“Na biyun wa? Inna ta gaya mini tun ina budurwa. A wurin tashi ya faɗi, babur ya tafi shi kaɗai ya shiga gonar acca. A kan jaki aka kawo shi gida. Ko Barikin Ladin bai hango ba!”

Shekara saba'in ina koyon tsalle wurin mutumin da bai taɓa sauka a kan sirdi ba.

To, 'yan'uwana tsofaffi da 'ya'ya suka kawo ƙasar nan, ga abin da ya sa na ɓata takarda. In ka faɗi, ka faɗa, ko da kan ya daina ciwo, balle in kana shan maganin tsinka jini. Wannan ciwo ba ya zuwa ranar, sai ka manta da shi yake sallama. Ku kuma 'ya'ya, in tsoho ya rikice muku cikin 'yan makonni, kada ku yarda da bakinsa. Mu maƙaryata ne, kunya ce ta koya mana. Ku bincika har inda ladabi ya hana.

Babur yana nan a garejin Walta, mun goge shi yana ƙyalli. An yarda in je in zauna kusa da shi, in shafa tanki. Irinsa ba shi da makulli, don haka na ɗauka babu yadda za a yi da mu. Na manta 'yar wa ce. Ta je da kanta da sifana ta kwance fulogin, yana cikin jakarta, da shi take zuwa aiki.

Kullum da safe kafin ta fita takan tsaya a ƙofar ɗakina, jaka a kafaɗa.

“Baba, hula.”

Ni kuma, Sale Fulogi ɗan Kofur, sai in tuɓe, in sunkuyar mata da kai.